Sunan da Ban Faɗa Ba

Bana shekara goma sha bakwai da rasuwar ɗana na fari. Jikata Falmata, ƴarsa, ita ke riƙe da biro. Ni bakina kawai na kawo.

Ranar da nake son ba ku labari, mu biyar ne a gindin tsamiyar gidanmu a Diffa, bayan la'asar: ni, da Malam ubansa, da matarsa Zara mai cikin wata bakwai, da Kofur Ari wanda ya yi wa Ingilishi soja, sai shi. Ba zan kama sunansa ba tukuna. Mu ƴan Damagaram uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yaba shi, ba ta ko dubansa a gaban mutane. "Wancan" nake ce masa, yana amsawa.

Lokacin Faranshi ke mulkinmu, Ingilishi na ƙetaren gulbin Kumadugu. Barkononmu ya lalace shekara biyu a jere, sai yaron ya ji ana neman kuku a gidan wani Bature a Gaidam. Kofur ya yi wata guda yana koya masa yadda suke buɗe magana. Mu sai mun tambayi gida da gajiya da dabbobi kafin a zo kan abin da ya kawo mutum. Su kuwa gud monin, sai suna, shi ke nan. Na ce wannan ba gaisuwa ba ce, sallamar kare ce.

Ran nan Kofur ya hau turmi ya harɗe ƙafa, wai shi ne Bature. Yaron ya ƙame ya ce, "Gud monin, sa." Zara na dariya har da riƙe ciki. Sai Kofur ya ce a wurinsu mutum mai daraja wani ne ke gabatar da shi, a ce dis is mai son, a faɗi suna.

Yaron ya juyo wurina. "Inna, ke za ki yi. Kalma huɗu ce, sai sunana."

Na ce, "Kofur, ka haukata mini shi."

"Haba Inna, da Turanci ne fa, ai ba a kunya da Turanci. Sau ɗaya dai in ji yadda yake a bakinki."

Da wasa ya faɗa, amma idonsa ba wasa. Na gani, don ba abin da ke wuce ni a gidan nan. Na ce masa in ya rasa kunya ni ban rasa tawa ba, na ɗauki tankaɗena na shige ɗaki.

Wata biyar da tafiyarsa sanƙarau ya kashe shi a Gaidam. Wani falke ya kawo mana rigarsa da carbinsa. Kabarinsa ban san inda yake ba.

An ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Ba wanda ya gaya mini wadda aka haɗiye ita ma ba ta narkewa.

Yau Falmata na koyon Turancin a lakwal, makarantar boko. Ina jin ta tana maimaita mai nem is, ta faɗi nata, ta ɗora na ubanta ba ko ɗar. Matan yanzu kuma suna kiran ƴaƴansu na fari da suna har a tsakiyar kasuwa. Ina harararsu, ban fasa ba. Da yana nan da ya yi mini dariya ya ce, "Inna, kin ga duniya ta bi bayana." Ban ce al'adarmu banza ce ba; ita ta raine ni. Amma kunya ba ta yi mini zaman makoki ba.

Abin da ya rage nasa: rigar, da yarinyar nan mai irin goshinsa, da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Washegarin ranar wasan nan, da sassafe, na bi shi da masu rakiyarsa bakin gulbi daga nesa, kamar mai neman itace. Ruwa ya cika, ya ɗora kayansa a kan gora ya shiga. Na jira sai da ya taka wancan gaci, ya zama ɗan ɗigo cikin kaba. Sannan na rufe bakina da gyale na ce, "Habu." Na sake cewa, "Habu, ɗana."

Bai ji ba. Falmata, rubuta shi da manyan baƙaƙe.