Keken Inna, Ban da Muryarta

A layin masu gyaran kayan lantarki kowa ya san Mai Fanka, kuma kowa ya san halinsa. Idan ka kawo masa fankar da ke gurnani, ba zai taɓa sukudireba ba sai ya kara mata waya, ya ɗaga maka hannu ka yi shiru, ya naɗi gurnanin son ransa. Sannan ya gyara. Wasu na cewa yana da ɗan taɓi, amma tunda fankarsu na komawa gida lafiya lau, sai suke ƙyale shi da abinsa.

Abin da yake haɗawa da ƙararrakin nan shi yake kira kiɗa. Ba ganga, ba waƙa, ba inda mutum zai ɗan taka. Sauti ne kawai mai tsawo mai taushi. Yakan ɗora kukan fanka a kan rugugin ruwan sama a rufin kwano, ya ja su a tsohuwar kwamfutarsa har su lafa, ya sa a intanet, ba kamfani ba ubangida. Matarsa ta taɓa saurare ta daɗe, sannan ta ce, "Wai an fara ne, ko har yanzu kana gwada sifika?"

Ba daga sama ya tsinci wannan kunne ba. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, Inna ce ta riƙe shi da ƙanwarsa da keken ɗinki irin na ƙafa. A ƙarƙashin teburin keken ya yi rarrafe, a kan ƙyallayen da ke zubowa yake barci. Don haka da hannunsa ya faɗa a harkar, ya yi niyyar babban aikinsa zai fito ne daga ɗakin Inna. Ya shiga zuwa kullum da la'asar, ya jingina waya a jikin gwangwanin zare, ya zauna.

Matsala ɗaya ce, bakin Inna ba ya hutawa. Ƙafa na taka keke, baki na nasa aikin. Ta yi wa zare faɗa, ta gaida mai wucewa ta taga, ta ɗauko labarin wata mai kawo ɗinki da ta rasu tun kafin a haife shi, ta saki a tsakiya ta kama wani. Shi kuwa Mai Fanka yana da ƙa'ida: muryar mutum ba ta shiga kiɗansa. A cewarsa, da zarar an ji magana kunne zai bi ta, natsuwa ta gudu. Sai ya koma shago ya zauna yana yanka. Duk inda Inna ta buɗe baki ya datse, ya haɗa bakin sautin da bakin sautin, har ba a gane gurbin. Yana alfahari da wannan haɗi ƙwarai, yana cewa gadon ɗinki ne. Da ya gama sai ya goge na asali, don kwamfutar ba ta da ciki, kullum kukan cika take.

Ya saki aikin, ya sa masa suna Keken Inna. Abin mamaki, mutanen da bai taɓa gani ba suka yi ta rubuto masa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce da shi take samun barci in ta tashi aiki. Wani ya ce jaririnsa yana jin shi yake daina kuka. Mai Fanka ya zo yana karanta wa Inna, baki har kunne.

Ta sa ya kunna mata. Ta saurara, kai a karkace, sannan ta ce, "To ina maganata? Duk surutun da na zuba maka?"

"Na cire, Inna. Yana ɓata aikin."

"Ka kyauta," ta ce, ta lashi bakin zare ta zura a allura. A lokacin ya ɗauka yabo ne.

Wata safiya ta faɗi a bakin ƙofa. Da aka sallamo ta daga asibiti, ɓarin jikinta ya mutu, harshe ya tafi tare da shi. Ido na nan yana bin kowa, hankali na nan, amma ko "ruwa" ba ta iya cewa. Aka rufe keken da tsohon zani. Ɗakin da a da sai ka ɗaga murya kafin a ji ka, yanzu har motsin labule ana ji.

Bayan wasu watanni ƙanwarsa ta tare shi a tsakar gida, idonta ja.

"Yaya, tura min muryar Inna. Kai da ka daɗe kana kara mata waya, na san kana da ita da yawa. Ko gaisuwa ce. Wallahi na fara manta yadda take kirana."

"Zan duba," ya ce. Amma ya riga ya san abin da zai tarar.

Ya rufe shago, masu fanka suna zuwa suna komawa. Ya bi kwamfutar lungu-lungu. Keke, keke, keke, tsaf kamar an wanke. Ya kai ta wurin maƙwabcinsa mai gyaran waya ko za a iya dawo da abin da aka goge. Mutumin ya duba ya girgiza kai, ya ce, "Malam, ai ka daɗe da zuba kukan fanka a kai." Kunya ta hana shi cin abinci.

Can a gwangwanin kusoshi ya tsinci wani tsohon katin waya. Ya sa a kwamfuta, sai ga naɗi guda mai tsawo wanda bai taɓa yankawa ba. Yana jin keken ya fara, murna ba ta bar shi ya ƙarasa saurare ba, ya kwafa a waya ya nufi gida yana haɗawa da gudu.

Suka zauna a gefen gadon Inna, shi da ƙanwarsa. Ya kunna. Keke na tafiya. Can sai ya rage gudu, aka ji Inna ta ja numfashi, irin jan da duk ɗan gidan ya san labari ne ke biye. Ƙanwar ta dafe ƙirji.

Sai muryarsa ta fito, a gajiye, da ɗan tsaki: "Inna, don Allah ki yi shiru mana, ina ɗauka."

Keken ya ci gaba. Suka jira, suka jira, ba kalma ko ɗaya. A wannan ranar kam, Inna ta ji maganarsa, ta haɗiye labarinta.

Ƙanwar ta sunkuyar da kai ba ta dube shi ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya miƙa hannu zai kashe, Inna ta riƙe masa wuyan hannu da hannunta mai lafiya. Ya durƙusa a gaban gadon, hawaye na zuba.

"Inna, ki yafe min. Me kika so ki ce ranar?"

Ta dube shi. Leɓenta ya motsa, ya sake motsawa. Mai Fanka ya kawo kunnensa daf da bakinta, kunnen nan da ke gane ciwon fanka tun daga bakin ƙofa, ya riƙe numfashi yana jira. Keken kawai yake ji.