Kawu Tankari da Injin da Ya Fi Ƙofa

Na daɗe ina ɗaga alƙalami ina ajiyewa, don ina tsoron in ƙara wa mamaci abin da bai yi ba. Karatuna bai wuce lakwal ta fari ba, wato firamare. In na yi kuskure, waɗanda suka san Kawu Tankari maƙeri na Dogon Dutsi su gyara mini.

Kun dai tuna ba ya amsa gaisuwa da baki. In ka yi sallama, sai ya nuna maka hannun injinsa, sai ka juya tukuna ya ce lafiya lau. Ƙaramin inji ne na fere ƙarfe, wanda Nasara ke kira tur, kuma gari babu lantarki, don haka maziyarta ne wutarsa.

Wata shekara ana gab da bazara, sandar ƙarfen gargaren da ake jan guga da shi a babbar rijiyar unguwarmu ta karye. Rijiya ce mai zurfi, ba a iya jan ta da hannu, ga mata ga shanun Fulani duk suna jira. Sandar kuma ta fi ƙarfin ƙaramin injin. Kawu ya ji labarin wani babban tur da Nasara suka yar a Dosso, ya tafi ya kwana uku a ƙofarsu har suka gaji suka ce ya ɗauka.

Da mota ta sauke injin, sai ƙofar ɗakin Kawu ta ƙi, ta yi masa kaɗan. Na ce masa mu nemi shawara, kada a yi gaggawa. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan lakwal, inji ya zo daga Dosso, bango ko nan aka haihe shi. Wa ya kamata ya ba baƙo hanya?" Kafin azahar ya rushe bangon ɗakin kwanansa. Matarsa Inna Dije ta tambaye shi inda zai kwana, ya ce ƙarƙashin injin, ai ƙarfe ba ya yoyo.

Ranar da aka fara juya shi, ya yi wani kuka har awaki suka tsinke. Maƙwabta suka ce doguwa ce a ciki, wata tsohuwa ma ta kawo ƙwaryar nono. Kawu ya shanye nonon, ya ce wannan doguwar man gyaɗa take sha, a koma a kawo.

Sai ga tafintan kumandan, Banasaren da ke mulkin garin, da farar riga, ya zo ganin aiki. Ni na raɗa wa Kawu cewa wannan kam a bar shi. Ina! Ya nuna masa hannun injin. Bawan Allah ya yi ta juyi yana zufa, yana tambaya ko ya isa. Kawu ya ce, "Gaisuwar manya ai doguwa ce."

A hannun tafintan aka gama sandar. Washegari guga ya fito cike, shanu suka sha, ba su ko san Kawu ba. Shi kuwa damina ta same shi ba bango.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da mu.

Bayan rasuwarsa an ce an kai injin Dumega, wasu sun ce Tibiri. Wanda ya san inda yake, don Allah ya sanar da ni. Ina so in je in juya shi sau ɗaya, in gaishe shi.