Saniyar Katako Daga Jos

Ban taɓa mantawa da ranar da Isiyaku ya shigo ofishinmu da saniya a aljihu ba. Ku bar dariya, ba tatsuniya nake muku ba. A lokacin ina ƙaramin jami'in jin daɗin jama'a a Tudun Wada, ƙarshen shekarun 1980, zamanin soja. Aikinmu shi ne duk abin da sauran ofisoshi suka ƙi karɓa: yaron da ya ɓata, mai taɓin hankalin da aka tsinta a kasuwa, rigimar gida da ba ta kai gaban alƙali ba.

Saurayi ne da bai kai talatin ba, da jin Hausarsa ka san ɗan Jos ne. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Yallaɓai, asalina nake nema."

Kakansa, Audu Kafinta, tun yana yaro a zamanin Turawa aka kai shi makarantar koyon sana'a, irin wadda ake tara marayu da yaran da suka yi laifi a koya musu kafinta da ƙira. Can ya girma, ya zauna a Jos, ya mutu bai taɓa waiwayar gida ba. Abin da ya taɓa faɗa kawai shi ne daga ƙasar Burumburum aka ɗauko shi. Uban Isiyaku ma ya rasu. To, Isiyaku ya je neman aure, aka yi bincike, iyayen yarinya suka ce wanda ya fito daga gidan horo ko ɓarawo ne ko tsintacce. Suka ce ya kawo dangin ubansa kafin Babbar Sallah, in babu, su ba wani.

Na ce, "Meye shaidarka?"

Sai ya zaro wata 'yar saniya ta katako, ba ta wuce tafin hannu ba, ta yi baƙi saboda daɗewa. Ya ce kakan ne ya sassaƙa ta. Kunnenta na hagu a tsage, na dama an gutsure bakinsa, ƙaho ɗaya kuma babu.

Wallahi nan take na fara zarginsa. Ku 'yan birni ba ku sani ba, kowane gidan makiyaya yana da yankan kunnen da yake yi wa shanunsa, shi ne shaidarsa. A shekarar nan kuwa satar shanu ta addabi bakin dajin Falgore, kuma ɓarayi sukan turo ɗan leƙen asiri mai daɗin baki ya gano inda garke yake kwana. Ga baƙo yana neman a kai shi gidan masu wani yankan kunne. Na ce a raina, yaro, ni za ka yi wa wayo? Na shiga wurin shugaban sashenmu, Malam Garba, na gaya masa. Ya ce, "Ka bi ƙa'ida, amma kada ka ɗauke ido daga kansa."

Ƙa'idar ita ce a rubuta wa hakimi, hakimi ya tura ka wurin dagaci, dagaci ya kira masu unguwa. Muka bi, har wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba. Ban ma rufe baki ba dagacin ya ce, "Ba a taɓa ɗaukar yaro a ƙasarmu ba." Bai tambayi wane yaro ba, bai tambayi wane zamani ba. Na fito ina zargin mutum biyu maimakon ɗaya.

Ranar kasuwa na ja Isiyaku zuwa kara, wurin da ake cinikin shanu, da niyyar in ga ko wani zai gane shi a matsayin ɓarawo. Wani tsohon dillali ya karɓi saniyar ya duba kunnuwan, sai ya damƙe wuyan hannun yaron. "Kai, uban wa ya nuna maka wannan? Shaidar gidan Ardo Bello ce!" Da ƙyar na ɓamɓare shi. Bai yarda ya yi mana kwatance ba sai da na rantse da kaina zan raka shi, da kaina zan dawo da shi.

Washegari muka tafi a motar ofis, Landiroba mai tambarin ƙaramar hukuma a ƙofa. A lokacin an fara maganar buɗe wa 'ya'yan makiyaya makarantu, ana bin rugage ana rubuta sunayen yara. Muna isa na ga rugar shiru. Ga ƙwaryar fura an bari a buɗe, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya a yashe, amma babu yaro ko guda. Raina ya ɓaci. Na ce wa direba, "Ka gani ko? Jahilci ke nan, sun kora su daji." Maza kuwa suka kewaye mu, kowa da sandarsa a kafaɗa.

Ardo Bello ya saurari bayanina har ƙarshe, ya ce, "Malam, jiya an ce baƙo yana yawo da shaidarmu a kasuwa, yau ga motar hukuma. Shanu kuka zo ƙirgawa ko yara?"

Ni kaina ban yarda da wanda na kawo ba. Sai wata murya daga cikin bukka ta ce a miƙo mata saniyar katakon. Mahaifiyar Ardo ce, Gwaggo Kumbo, tsohuwa tukuf, idonta ya tafi. Aka fito da ita, aka sa mata saniyar a hannu. Ta shafa kunnuwan, ta taɓe baki.

Ta ce, "Kunne kowa ya gani a kasuwa, kowa zai iya sassaƙawa."

Na ce a raina, yauwa, tsohuwa ta kama shi. Isiyaku kuwa, duk ya jiƙe da gumi, ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri da ƙahon, tun ina yaro na gan shi a karye."

Ta kai ɗan yatsa wurin, ta daɗe tana murzawa. Ta ce, "Ba karyewa ya yi ba, ɗan nan. Taɓa ka ji, sumul yake. Haka aka sassaƙa shi." "Nagge Yero," ta ce, wato saniyar Yero.

Yero ƙanenta ne, shi ne aka mayar Audu a makarantar Turawa. Ranar sunansa aka ba shi 'yar maraƙa, kamar yadda suke yi wa kowane ɗa, ta faɗa rami tana ƙarama ta rasa ƙahon hagu. Saniyar ta mutu tun kafin a haifi Ardo, ba wanda ya san ta a duniya sai tsohuwar nan. Ta ce Turawa ne suka ce kowane dagaci ya kawo yaro a kai makarantarsu. Dagacin wancan zamani bai ba da nasa ba, ya tura dogari kasuwa. Ita da Yero sun kai tallan nono.

Ta ce, "Ina riƙe da hannunsa. Wata mata ta ce in auna mata, na sake shi. Na ɗago, babu shi."

Isiyaku ya ce, "Gwaggo, sun ce sata ya yi."

Ta ce, "Shi aka sata."

Ta lalubo fuskarsa da hannu biyu tana kuka, shi ma yana kuka. Ni da na yi kwana da kwanaki ina gadin ɓarawo, na juya baya ina gyara hula, don kunya ta kama ni ga hawaye. Can ta ce wa Ardo, "Kira yaran su fito, ɗan'uwansu ne." Ya yi kira sau ɗaya, sai ga su suna ɓullowa daga cikin dawa da bayan suri, wasu da ƙaya a ƙafa. Ta juyo wajen da take jin muryata, ta ce, "Malam, kada ka ga laifinsu. Ni na koya wa iyayensu, in sun ga na hukuma su gudu."

Kafin Sallah Ardo Bello da ƙannensa biyu suka hau mota zuwa Jos, suka nema wa Isiyaku auren a matsayin iyaye, aka ba su. Ya aiko mini da goro da alawa. Gwaggo Kumbo ba ta ga amarya ba, ta rasu da damina, saniyar tana ƙarƙashin matashinta.

To, ku da kuke shiga aikin nan yanzu, ku ji. Za ku je ƙauye a rufe muku ƙofa, a ɓoye muku yara, a ce ba a taɓa jin abin da kuke tambaya ba. Wani ƙarya yake ɓoyewa kamar dagacin nan, wani kuma ciwo ne, kuma daga cikin mota ba za ka bambance su ba. Ni dai tun daga ranar ban ƙara shiga ruga da motar ofis ba. Nakan ajiye ta a bakin hanya in taka da ƙafa, in yi sallama daga nesa, in tsaya har sai an ce in ƙaraso.