Uwar Ƙullun Kaka

Shekaranjiya na wuce wata mai waina a titin Mansur, nan Makka, tsamin ƙullunta ya daki hancina. Sai ga ni a gidanmu na unguwar Nakkasa, can kan dutse, ina 'yar shekara tara.

Kakarmu ba ta taɓa sayen yis ba. Tana da 'yar tukunya da take kira uwar ƙullu. Kullum takan rage ludayi guda na ƙullun da ya tashi, ta ƙara masa garin shinkafa da ruwan ɗumi, ta rufe da tsumma. Da shi ake tayar da na gobe.

Mu biyu ne jikoki mata a gidan, ni da 'yar gwaggona, wadda na girme wa da shekara guda. Wata rana Kaka ta ɗibar mana cokali-cokali, ta ce kowa ta dama nata. Kafin azahar na yarinyar nan ya kumbura har yana zuba, nawa kuwa yana kwance kamar kunun jiya. Kaka ta leƙa, ta ce, "Ke hannunki sanyi gare shi. Je ki wanke tanda."

Wanke tanda fa! Ni babba! Daga ranar ita ke ciyar da tukunya, tana wani karkace kai, ni kuwa wallahi kishi kamar ya kashe ni.

Ran nan, tsakiyar zafin Makka, yarinyar ta ajiye ruwan ƙullu ya huce ta fita. Na ɗauko tafasasshe na sheƙa a tukunyar, na mayar da tsumma. Washegari ƙullu ya ƙi tashi, ta zauna tana ta kuka. Kaka ta sunsuna tukunyar, ta dube ni, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ɗauki mayafinki. Maƙwabciyarmu na da irinsa, ni na ba ta. Je ki roƙo."

Na sauka dutsen, na hawo da kofi a hannu, gumi sharkaf. Kaka ta karɓa, ta miƙa wa 'yar gwaggona a gabana.

Yanzu an rushe unguwarmu, Kaka ta rasu, tukunyar tana unguwar Shisha wurin mai ita, 'yar gwaggona. Ni yis ɗin leda nake saye. 'Yata takan ce in je a ɗibar mini mana, in ce mata nisa. Ƙarya nake, mota ɗaya ce. Na san za ta ba ni, har da murna. Tsoro nake in kawo shi gida, da furfurata, ya ƙi tashi.