Fourera da Aljanin Rijiya

Duk wanda ya taɓa jin yunwa a unguwar Manshiya ta garin Sabha ya san rumfar Fourera. Tana bayan garejin da ake gyaran manyan motoci. Shinkafa da wake take sayarwa, ranar Juma'a kuma dambu. 'Yar Damagaram ce. Ta zo Sabha da mijinta shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya yi aikin dabino a Ghuddwa har Allah ya karɓi abinsa. Ba ta koma gida ba. Ta sayi tukunya biyu ta zauna.

Ta yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, saboda haka tana karanta Faransanci. Wata ƙanwarta ta aiko mata da littafi mai kauri daga Yamai, irin na zane-zanen mutanen Japan da ake kira manga. Labarin wata 'yar makaranta ne da wani aljani mai farin gashi da ke zaune a tsohuwar rijiya, suka so juna. Akwai kuma wani ɗan ajinsu da ke son ta. Littafin ya sha manja har bangonsa ya yi ja.

Ra'ayin Fourera ɗaya ne, kuma ba a cin abincinta ba a ji shi ba. Aljanin ya fi.

"Shekara ɗari uku yana cikin rijiya, bai taɓa tambayar me aka dafa ba," in ji ta. "In yarinyar tana magana, shiru yake yi har ta gama. A cikinku wa ya iya wannan?"

Masu cin abinci sukan duƙar da kai cikin kwano.

Akwai wani Muƙaddas, mutumin Gusau, mai sayar da kayan mota. Wata bakwai yana cin shinkafa da wake sau biyu a rana, alhali an san wake ba ya zama masa lafiya. Da ya gaji, sai ya roƙe ni, da yake ni dattijo ne a unguwar, in kai maganarsa ta aure, tunda ba ta da wani babba a garin. Na kai.

Ta goge hannu, ta ɗauko littafin ta miƙo mini.

"Baba, ka ba shi. Ya duba, ya gaya mini abin da ya gani. Daga nan zan san irin mutumin da yake."

"Ai ba ya jin Faransanci."

"Yana da ido. Ya bi hotuna."

Bayan kwana biyu Muƙaddas ya zo rumfar da sabuwar shadda, littafin a hammata. Ina zaune a benci.

"Malama Fourera, na gama. Alhamdulillahi, yarinya ta warke."

Ta ajiye ludayi. "Ta me?"

"Ta warke. Da farko ga ta tana kuka a bakin rijiya, ta rame, gashi a barbaje. Kowa ya gani ya san shafar aljanu ce. Sai ga shi mai farin gashin ya bayyana, yana ta bin ta. A hankali ya riƙa ja da baya. A ƙarshe ga ta da jakarta za ta makaranta, ta yi ɓul-ɓul, ko gaisuwa ba sa yi. Malamin da ya yi mata ruƙiyya ne kawai ba su zana ba."

Wani direba ya ƙware da ruwa.

"Malam Muƙaddas, ta ina ka buɗe littafin nan?"

"Ta inda ake buɗe boko mana. Ta hagu."

"Ta dama ake buɗe shi, kamar littafin Larabci! Ka fara daga ranar da ya ɓace, ka ƙare a ranar da ba su san juna ba, ka zo kana mini alhamdulillahi!"

Ya ɗauki littafin ya tafi, bai ci abinci ba. Na yi zaton maganar ta mutu a nan.

Kwana huɗu ba a gan shi ba. Ran na biyar ya shigo da tsohuwar rigarsa ta shago, idonsa ja. Ya ce ƙura ce. Babu wanda ya tambaye shi.

"Ba a yi wa bawan Allah nan adalci ba," ya ce. "Ya ba da ransa don ta rayu, aka cike rijiyarsa da ƙasa. Shi kuma wancan ɗan ajin me ya yi? Lema kawai ya riƙe mata ranar ruwa."

"Lema kawai," in ji Fourera a hankali.

"Amma shi ma aljanin yana da laifi. Shekara ɗari uku, a ce ba ka da babba ko ɗaya da za ka tura gidansu?"

Ba ta kare aljaninta ba. Ta daɗe tana juya miya. Ban taɓa ganin an faɗi aibin mai farin gashin a rumfar nan an zauna lafiya ba.

Sannan ta juyo wajena.

"Baba, ina da kawu a Damagaram. Zan ba ka lambarsa. Da hantsi ake samunsa, kafin ya tafi gona."