Ranar da na tura Baba filin zari-ruga

Shekarun baya can, wajen tsakiyar shekarun 1980, ina aikin jinya a wani gidan kula da tsofaffi a Alexandria ta Amurka, kusa da Washington. Ban daɗe da baro Bukuru ba, kuma tun lokacin bakina ya fi ni girma. Duk tsohon da ya gagari sauran nas-nas, ni ake tura wa. Haka aka haɗa ni da wani Bature mutumin Wales da ya doshi casa'in, 'yarsa ce ta auri Ba'amurke ta ɗauko shi. Baba nake ce masa. Hanci a karkace, kunnuwa duk sun tauye, tafin hannu kuwa faranti guda.

Rami ne ya haɗa jininmu. Na ce masa mahaifina haƙar kuza ya yi, ya ce shi ma tun bai yi gemu ba yake cikin ramin kwal. Daga nan bakinsa ya buɗe.

Ashe ƙwallon zari-ruga iri biyu ne. Na ƙasarsu sha biyar-biyar ake yi, ba a biyan kowa, wai wasan mutunci. Na arewacin Ingila sha uku-uku ne, kuma ana biyan albashi. Baba yana saurayi shi ne gwanin gudun ƙungiyar garinsu, sai mutanen arewa suka zo zawarcinsa, ya bi su. "Ba garinmu na guda ba, 'yata," in ji shi, "rami na guda." Ya yi tashe a can har gwiwa ta ce ta gaji. Amma dokar gida ba ta da tausayi. Wanda ya tsallaka an yafe shi har abada, ba ya wasa, ba ya koyarwa, ba ya taka harabar ƙungiya, wanda ya yi hulɗar wasa da shi ma yana iya shafa. Da wansa ya rasu, a ɗakin taron ƙungiyar aka yi zaman makoki. Baba a tsallaken titi ya tsaya, hula a hannu, har aka watse.

To, yana da jika, wani jibgegen saurayi mai aiki a Washington, shi ma zari-ruga yake yi ranar Asabar, irin na sha biyar ɗin. Baba bai taɓa ganin wasansa ba. Yaron ya yi roƙo har ya gaji, amsa ɗaya ce: "In aka gan ka da ni, korar ka za su yi." Jikan ya ce nan Amurka ce, ba wanda ya damu, Baba ya ce yaro dai yaro ne. Ni kuwa na san abin da likita ya faɗa kan zuciyar tsohon. In bai ga wasan bana ba, da wuya ya ga na baɗi, abin ya tsaya mini a rai.

Sai na tasa shi gaba, safe da yamma, da magani da mita. Abokiyar aikina 'yar Kumasi ta ce, "Ke dai, ko dutse kika zauna wa sai ya tashi." Ƙarshe ya yarda, da sharaɗi: zan tsayar da keken guragun da nake tura shi a kai a bakin ƙofar filin, daga waje. Na ce na ji, alhali ni kaina ban taɓa ganin wurin ba.

Ranar ya sa kwat har da laktaya. Muka isa, na sauko da shi, na duba gabas na duba yamma. Filin Allah ne kawai, ciyawa shimfiɗe har bakin kogi, wasu na yawo da karnuka, wasu na gasa nama. Ba katanga, ba maigadi, sai sanduna dogaye da farin layi a ƙasa.

Na fara turawa. Ya ce, "Tsaya nan."

Na ce, "Baba, a ƙofa muka yi da kai. Nuna mini ita in tsaya."

Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya damƙe tayoyin da hannuwan nan nasa, keke ya ƙi motsi. Na sunkuya na ce, "Ba kai ke shiga ba, ni ke tura ka. In an zo kamu, ni za a kama, kuma ka san bakina." Sannan ya saki.

Sai da na kai shi bakin farin layin. Ba wanda ya tare mu, wani ma matsar da jakarsa ya yi don mu samu wuri. Da farko Baba ƙasa yake kallo kamar mai laifi. Can aka ba jikan ƙwallo, ya yi jinkiri, aka yi sama da shi aka maka da ƙasa. Sai na ji tsawa daga cikin keken: "Gudu ake yi, sakarai, ba tunani ba!" Yaron ya ɗago daga taɓo, ya ga mai maganar, ya tsaya baki buɗe, hawaye na bin laka. Daga nan har aka tashi Baba bai rufe baki ba, rabi da Turanci rabi da yarensu, har alƙalin wasa ya samu rabonsa. Ni da ban san kan wasan ba, duk inda ya yi ihu nan nake yi.

Baba bai kai baɗin ba. Na yi jinyar tsofaffi da yawa bayansa, na lura ba ciwon jiki kaɗai ke zaunar da mutum ba, hukuncin da aka yanke masa tun yana saurayi ma yana yi. Shi ya sa har gobe in na ga abin da ya kamata a tura, turawa nake yi, a ce na cika shisshigi.

Sai bayan rasuwarsa da shekaru na ji an soke dokar a ƙasarsu. Haushi ya kama ni, don sun makara. Amma da na tuna muryar nan a bakin layi sai na yi dariya ni kaɗai. Baba bai jira izininsu ba.