Kafin Idon Mai Agogo Ya Rufe

Shekara arba'in da ɗaya Mai Agogo ya yi a shago ɗaya, wani ɗan tsukukun ɗaki tsakanin tela da mai sayar da takalma, wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya bar ƙafarsa a waje. A kan teburinsa akwai farin ƙyalle da hantsaki da ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido. Ba shi da yawan magana, kuma kaifi ɗaya ne. In ya ce a'a, to an gama.

'Ya'yansa huɗu. Uku suna kusa da shi. Auta kuwa aikin jinya ta karanta, ta sami aiki a wani asibiti a ƙasa mai nisa, can bakin teku. Ya ce bai yarda ba. Ta durƙusa ta roƙe shi har sau uku, daga baya ta tafi da albarkar uwarta kaɗai. Ko rakiya bai yi mata ba. A can ta yi aure, ta haifi mata biyu. Shekara tara, in ta bugo waya iyakarsa ya ce, "Lafiya lau. Ga uwarki." Kowace shekara sai ta ce su zo, shi kuma ya ce wa zai bar wa shago.

Wata safiya wani ɗan ƙarfe ya suɓuce masa ya faɗa kan farin ƙyallen. Ya duba, ya sake dubawa, bai gani ba, sai da wanda ya kawo gyaran, da ke tsaye, ya nuna masa da yatsa. Da ya je asibiti, likita bai ɓoye masa komai ba. Hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin sa a ɓoye.

"Baba, abin da ya tafi ba ya dawowa," in ji likitan. "Magani sai dai ya rage masa gudu. Na hagu ya kusa. Na dama, wataƙila shekara."

Ya dawo gida ya tarar da matarsa tana ninke wanki. Ya zauna ya gaya mata, sannan ya ce, "Ina ake yin fasfo?"

"Fasfon wa, Malam?"

"Nawa da naki."

Zanin da ke hannunta ta kai fuskarta, ta daɗe a haka.

Tela maƙwabcinsa ya taɓa aikin kuku a jirgin ruwa da ƙuruciya, don haka shi ya zama malamin tafiya. Ya ce zafin can jiƙa mutum yake yi, ka yi wanka ka fito kamar ba ka goge jiki ba. Takalmin fata fumfuna yake yi, ƙarfe kuma kwana bakwai ya yi tsatsa. "Kada ku kuskura ku je da damina," in ji shi. "Kuma kada ka ga ruwan teku a banza ka ce za ka sha, na san halinka." Ya ɗinka masa riguna huɗu marasa nauyi.

Matar kuwa jirgi ne damuwarta. "Yanzu in ya lalace a sama, a ina ake tsayawa?"

"Ai da mai gyara za ki tafi," ya ce da ita. Rabon da ta ji ya yi raha har ta manta.

Sharaɗi ɗaya ya kafa mata, kada Auta ta ji maganar idon. "Ba na so ta zaci ciwo ne ya kai ni."

"To me zai kai ka?"

Ya tashi ya fita.

Fasfo ya fito, biza ta ƙi fitowa. Yau a ce hoton bai yi ba, gobe a ce a kawo wata takarda daga wurin aikin Auta. Wata huɗu suna zirga-zirga, kuma a cikin watannin nan idon hagu ya rufe gaba ɗaya. Ya bi masu agogon da ke hannunsa ɗaya bayan ɗaya ya mayar musu da kayansu, yana ba su haƙuri, sannan ya sa wa shagon kwaɗo. Ranar da biza ta fito, damina ta kankama a can. Tela ya ce su jira wata uku. Mai Agogo ya ce shi ba shi da wata uku na bayarwa.

Ana jibi tafiya, ya karɓi wayar matarsa ya kira Auta da kansa. Ya gaya mata maganar likita tiryan-tiryan. Sannan ya ce, "Amma ko ba ciwon, ya kamata a ce na zo tuntuni. Ban kyauta miki ba."

Auta ta ce, "Baba, Umma ta faɗa mini tun ranar da ka dawo daga asibiti. Jira nake in ji daga bakinka."

Ya juya ya dubi matarsa. Ta ɗauke kai tana ta fama da zif ɗin akwati.

Cikin ruwan sama suka sauka. Wata uku suka yi a can, a wani gida mai hawa biyu da iska mai gishiri ke shiga ta kowace taga. Likitan da Auta ta kai shi wurinsa bai faɗi abin da ya saɓa wa na gida ba. Bayan sun dawo da wata bakwai, idon dama ya bi ɗan'uwansa.

Yanzu a ƙofar gida yake wuni, kan kujerar roba. In aka tambaye shi yaya teku yake, sai ya ce ruwa ne mai yawa da ƙara, bai tsaya kallonsa sosai ba. Amma in aka taɓo jikokinsa na wurin Auta, ba a tashi da wuri. Babbar tana da wushirya, in ji shi, ƙaramar kuma kunnenta na hagu ya ɗan fi na dama tsayi, kuma duk gidan babu wanda ya lura da haka sai da ya faɗa.